Sabo Turken Wawa: Tasirin Jiya a Kan Tunani da Zancen Zuci da Ɗabi'un Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda abubuwan da suka gabata suke gina abin da Bahaushe ya yarda da shi, da muryar da yake ji a zuciyarsa, da kuma ɗabi'un da yake aikatawa ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa dalili ba. An ɗora nazarin a kan ra'in Vygotsky na zancen zuci, tare da tunanin Ibn Khaldun game da sabo. An tsamo misalai daga ayyukan tarihi da al'ada, da karin magana da camfe-camfe da sunayen gargajiya. Nazarin ya gano cewa ɗabi'a takan fi dalilinta tsawon rai. Idan dalilin farko ya gushe, al'umma takan ɗinka wa ɗabi'ar sabuwar riga ta ci gaba da rayuwa a cikinta. Don haka mai son gyara wata ɗabi'a ba zai wadatu da rusa hujjarta kawai ba, sai ya samar mata magaji.

Fitilun Kalmomi: sabo, zancen zuci, kunya, camfi, tarbiyya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da fahimtar cewa mutum ba ya fara rayuwa daga kansa. Da ya ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", ko "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi", yana nuni ne ga cewa halin babba a ƙuruciya aka shuka shi. Sai dai karin magana ta faɗi sakamako ne, ba ta bayyana hanyar da abin yake bi ba. Ta yaya tsawar da kaka ta yi wa yaro shekara arba'in da suka wuce take hana shi yin fito da dare a yau, alhali ya zama malamin jami'a, kuma ya san babu abin da fiton zai jawo masa? Wannan ita ce tambayar da maƙalar ta yi ƙoƙarin amsawa.

1.1 Ra'in Bincike

Masanin halayyar ɗan'adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya bayyana a littafinsa da aka buga a 1934 cewa zancen da mutum yake yi a ransa ya samo asali ne daga maganar da ake yi masa a fili. Da farko manya ne suke umurtar yaro, daga nan sai ya riƙa maimaita umurnin da bakinsa yayin da yake wasa, a ƙarshe maganar ta nutse ciki ta zama tunani. Ƙarnuka kafin haka, Ibn Khaldun (1332–1406) ya yi bayani a Muƙaddima cewa abin da mutum ya saba da shi yakan zauna masa a matsayin halitta, har ya kasa bambance su. Idan aka haɗa ra'ayoyin biyu za a ga cewa jiya tana shiga mutum ta ƙofa biyu: ta kunne, ta zama murya, da kuma ta maimaici, ta zama ɗabi'a.

2.0 Tarihi a Matsayin Rufi Kan Rufi

Tunanin Bahaushe ya ratsa manyan zamunna uku: na addinin gargajiya, da na Musulunci, da na boko. Ba a share wani kafin a shimfiɗa wani ba. Kundin tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908 ya kawo labarin Barbushe da bautar Tsumburbura a Dala, sannan ya kawo zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Amma labarin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na Dirki. Kundin ya nuna cewa an fara al'adar Dirki a zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618). Wani abu ne da aka naɗe da fatu, ana yanka masa dabbobi idan gari ya shiga ƙunci. Da Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka fasa shi, sai aka tarar da Alƙur'ani a ciki.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da suke yi wa Dirki yanka Musulmi ne, abin da suke girmamawa kuma littafin Musulunci ne. Salon girmamawar kaɗai ne ya fito daga zamanin Tsumburbura. Zuciya ta karɓi sabon addini, hannu kuwa ya ci gaba da aikin da ya saba. Joseph Greenberg ya tarar da irin wannan cuɗanya daga ɗaya ɓangaren a nazarinsa na Maguzawan ƙasar Kano (1946), inda ya nuna yadda aka daidaita iskokin gargajiya da aljanun da Musulunci ya ambata. Sunan ya sauya, amma mazaunin bai sauya ba: har yau tsamiya da kuka da juji da kufai su ne wuraren da ake jin tsoron ratsawa da tsakar rana ko da almuru.

3.0 Zancen Zuci: Muryar Wa Ake Ji?

Harshen Hausa da kansa ya ɗauki zuciya a matsayin mai magana. Ana cewa "zuciyata ta ce mini", "na ce a raina", "zuciya ta raya mini", "ina da zuciya biyu". Akwai saƙar zuci, akwai wasiwasi. A duk waɗannan, mai magana ya raba kansa biyu: mai faɗi da mai saurare. Tambayar ita ce, daga ina mai faɗin ya samo kalmominsa?

Idan aka duba abin da zuciyar Bahaushe take yawan faɗa masa a lokacin yanke shawara, za a ga jimloli ne da aka taɓa furta masa a tsakar gida. "Me mutane za su ce?" "Kada ka ja mana abin kunya." "Yi haƙuri." "Ɗan wane ba ya haka." Sau da yawa ma da karin magana take zuwa, domin ita ce ta fi sauƙin riƙewa. Wanda aka ɓata wa rai ya ji "mahaƙurci mawadaci" ta faɗo masa, bai ƙirƙiri komai ba, tsohuwar murya ce ta farka.

A. H. M. Kirk-Greene (1974) ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukkansu da idon jama'a ake auna su. Wannan ya sa muryar da take cikin zuciyar Bahaushe ta fi kama da muryar taro fiye da ta mutum guda. Ko da yana zaune shi kaɗai a Legas ko Landan, unguwarsu tana kallonsa daga ciki.

Tatsuniya ma makaranta ce ta wannan murya. Yaron da ya kwana yana jin yadda wayon Gizo ya ƙare masa da kunya, da yadda 'yar bora ta yi ladabi ta dace, 'yar mowa ta yi rashin kunya ta taɓe, ya riga ya sami ma'aunin da zai riƙa auna kansa da shi tun bai san kalmar tarbiyya ba. Makarantar allo ta ƙara nata kason: bismilla kafin cin abinci, "in sha Allahu" kafin alkawari, "a'uzu billahi" idan mugun tunani ya zo. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa Musulunci ya ba Bahaushe hanyar tace muryoyin zuciyarsa, ya ware wadda zai bi da wadda zai nemi tsari daga gare ta.

4.0 Ɗabi'ar da Ta Fi Dalilinta Tsawon Rai

4.1 Camfi

Mace takan yi bismilla kafin ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Idan aka tambaye ta, za ta ce don kada ta ƙona 'ya'yan aljanu. Tsoron mazauna ɓoye tsoho ne, maganinsa kuwa na Musulunci ne. Jikarta da ta yi karatun zamani tana iya cewa ai don kada a ƙona yaro ko ƙwari ne. Dalilai sun bambanta, aiki ɗaya ne. Haka abin yake ga hana shara da dare, da hana zama a bakin ƙofa, da hana tsallake yaro. A. J. N. Tremearne ya tattara ire-iren waɗannan tun 1913, kuma da yawansu suna nan bayan fiye da shekara ɗari.

4.2 Sunaye

Sunaye irin su Ajuji da Ayashe sun taso ne daga al'adar wabi, inda ake nuna kamar ba a damu da jariri ba don mutuwar da ta ɗauki yayyensa ta ƙyale shi. A yau akwai masu amsa waɗannan sunaye a matsayin sunan iyali, ba tare da sun san tsoron da ya haife su ba. Haka nan Abba da Ummi: asalinsu sakaya sunan mahaifi ko mahaifiya ne da aka mayar wa jariri, amma yanzu sukan tsaya da ƙafarsu.

4.3 Kunyar Ɗan Fari

A littafin Baba of Karo (1954), wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, an ga yadda uwa take kauce wa ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Al'adar ta yi sauƙi a birane, amma har yanzu akwai iyaye mata da harshensu yake nauyi idan za su ambaci sunan ɗan fari, ko da babu kowa a ɗakin. Babu mai hukunta su idan sun faɗa. Mai hanawar ya koma ciki.

5.0 Inda Gado Yake Zama Nauyi

Da a ce al'amarin ya tsaya ga fito da shara, da sai a bar shi a matsayin adon al'ada. Amma akwai inda yake taɓa rai. Likita kuma masanin al'ada L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya kuma wallafa Hausa Medicine (1988), ya nuna a rubuce-rubucensa cewa kunya tana cikin abubuwan da suke sa mai cikin fari ta ɓoye naƙuda ta daure ba ta yi kuka ba. Idan naƙudar ta yi gardama, wannan shirun yakan jinkirta zuwa asibiti, jinkirin kuma yana iya kaiwa ga yoyon fitsari ko asarar rai. Muryar da ta koya wa yarinya kamun kai ita ce ta rufe mata baki a ranar da ya kamata ta yi kururuwa.

Haka kuma, a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun nazarci ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawaitarsa da shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a lokacin jego. Tushen al'adar shi ne tsoron kada sanyi ya shigi mai jego. Niyyar kulawa ce, kuma wannan ne ya sa take da wuyar bari. Mai jegon da ta ƙi kunun kanwa a ganinta ba shawarar likita ta bi ba, ƙaunar uwarta ta mayar.

6.0 Darasi Daga 'Yan Taru

Tarihin ƙasar Hausa ya ba da misalin yadda ake sauya ɗabi'a ba tare da an yi fito-na-fito da ita ba. Bayan jihadin 1804, mata da yawa a karkara sun ci gaba da dogara ga bori domin neman waraka da kwanciyar hankali. Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke jagorantar mata zuwa wurinta su koyi waƙoƙin ilimi, su koma su koyar. Jean Boyd (1989) ta bayyana cewa akan naɗa jaji ne da malfa, wadda a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, sai a ɗaura mata jan rawani. Taron mata yana nan, jagorar mata tana nan, rera waƙa yana nan, malfa ma tana nan. Abin da ake rerawa ne ya sauya. Alwali ya fasa Dirki da gatari. Asma'u kuwa ta bar ƙwaryar, ta sauya abin da yake cikinta, kuma tsarinta ya rayu bayanta.

7.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, zancen zucin Bahaushe maganar jama'a ce da ta nutse, shi ya sa kunya da haƙuri suka fi rinjaye a cikinsa. Na biyu, ɗabi'a ba ta mutuwa da mutuwar dalilinta, takan sami sabon dalili daga zamanin da ta tsinci kanta. Na uku, gyaran da ya yi la'akari da buƙatar da ɗabi'a take biya ya fi ɗorewa a kan wanda ya tsaya ga ƙaryata ta. Saboda haka ana ba manazarta al'ada shawarar kada su tsaya ga jera camfe-camfe. Ya kamata a riƙa tambayar mai bayani daga bakin wa ya ji, yana ɗan shekara nawa, ko har yanzu ya yarda, kuma in bai yarda ba, me ya sa bai bari ba.

8.0 Kammalawa

Bahaushen da ya ce "hali zanen dutse" shi ne kuma ya ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Ya san gado yana da ƙarfi, ya kuma san ana iya saɓa masa. Sabo yana zama turke ne ga wanda bai san an ɗaure shi ba. Wanda ya gane cewa muryar da take ce masa "daure" ta kakarsa ce, ya san zamanin da ta yi maganar da abin da take tsoro, shi ne zai iya tantance ranar da zai bi ta da ranar da zai yi mata addu'a ya wuce asibiti. A yau da wayar hannu da finafinai suka shiga sahun masu yi wa yara magana kafin barci, akwai buƙatar a nazarci irin muryar da za ta nutse a zukatan masu tasowa, da kuma harshen da za ta yi magana da shi.