Kaurin Waya a Wutar Batir

Duk mai son haɗa fitilu da soket a kan batirin sola, a shago ko a motar da ake kwana ciki, sai ya san kaurin waya. A kasuwar Terminus da ke Jos na lura da lamba ake kiran waya: 1.5, 2.5, 4. Lambar tana nuna kaurin jan ƙarfen ciki ne.

Wasu suna zaton tunda batir volt 12 ne kawai, siririyar waya ta isa. Ba haka ba ne. Kayan wat 60 ba sa jan ko rabin amfiya a wutar gari mai volt 230, amma a batir amfiya 5 suke ja. In tsakanin batir da fitilu mita 10 ne, tafiyar mita 20 wuta za ta yi, zuwa da dawowa. Waya 1.5 za ta cinye fiye da volt 1, haske ya dushe. Asarar waya 4 kuwa ba ta kai rabin volt ba. Ni ita zan saya, in sa fyus dab da batir saboda gobara.

A kankare bakin wayar kafin a biya. In cikin fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe.