Darasi na Goma Sha Huɗu: Doguwar Tafiya a Kan Tsaunuka

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ta bi ta kan tsaunukan Afalashiya. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, wato ya ninka nisan Legas zuwa Kano fiye da sau uku. An kammala share ta a shekarar 1937, kuma ta ratsa jihohi goma sha huɗu. Bakinta na arewa yana kan Dutsen Katadin a Jihar Maine, na kudu kuwa yana Jihar Jojiya. Mota ba ta bin ta. Abin da ke yi wa matafiyi jagora shi ne ɗan farin fenti da aka shafa a jikin bishiyoyi da duwatsu. Mai son gama ta a tafiya ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai.

Yawancin matafiya daga kudu suke tashi su doshi arewa. Kaɗan ne ke farawa daga arewa su nufi kudu, kuma ga dalili. Idan ka zaɓi wannan, ranar farko ma za ka hau Katadin, dutse mai tsayin fiye da mita 1,600, tun ƙafafunka ba su saba ba. Da ka sauko, sai ka faɗa wani daji mai tsawon kusan kilomita 160 wanda babu gari a cikinsa, don haka ake shawartar mai shiga ya ɗauki guzurin kwana goma. A watan Yuni, lokacin da masu nufin kudu ke fara tashi, rafuka sun cika da ruwan ƙanƙarar da ta narke, ƙananan ƙudaje masu cizo kuma sun yi yawa. Ka ga ke nan, mafi wuyar aikin shi ke tarbar mutum a bakin ƙofa.

To, yanzu ka yi tunanin dattijuwa mai shekara sittin da shida a wannan daji, ita kaɗai. Sunanta Emma Gatewood, manomiya ce daga Jihar Ohio, uwar 'ya'ya goma sha ɗaya. Ta karanta labarin hanyar a wata mujalla, ta zaci tafiyar mai sauƙi ce. A watan Yuli na 1954 ta hau Katadin ta doshi kudu. Kwanaki kaɗan bayan haka sai ta ɓace hanya, tabaraunta ya fashe, abincinta ya ƙare. Ma'aikatan gandun daji suka fita nemanta, da suka gan ta suka ba ta shawarar ta koma gida. Ta koma, ba ta kuma gaya wa kowa abin da ya faru ba.

Wani da ya sha wannan wuya da ya haƙura, amma ita ba ta yi haka ba. Ta gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya, sai ta sake shiri. A ranar 3 ga Mayu, 1955, tana da shekara sittin da bakwai, ta fara daga Jojiya. Ba ta ɗauki tanti ba. Jaka ce ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa, a ciki akwai bargo da labulen leda na kare ruwan sama da ɗan abinci. Sanin da ta yi wa tsirrai tun a gona ya taimake ta wajen bambance ganyen da ake ci da wanda ba a ci. Bayan kwana 146, a ranar 25 ga Satumba, ta tsaya a kan ƙololuwar Katadin, a cikin dajin da ya kore ta bara. Ita ce mace ta farko da ta gama hanyar ita kaɗai a tafiya ɗaya. A 1957 ta sake maimaitawa.

Me za ka koya daga wannan? Tsufa bai hana ta isa ba, amma rashin shiri ya kusa hallaka ta. Duk mai shiga daji shi kaɗai, yaro ko babba, mace ko namiji, ya kamata ya sanar da wani inda ya nufa da ranar da zai dawo. Ya ɗauki taswira da isasshen abinci da abin tace ruwa. Idan ya daina ganin alamar hanya, ya tsaya ya koma inda ya ga ta ƙarshe, kada ya ci gaba da kutsawa. Ya kuma tafi gwargwadon ƙarfinsa, domin sannu ba ta hana zuwa.

Ma'anar Kalmomi

tsauni: babban dutse mai tsayi, jam'insa tsaunuka
dosa: nufar wani wuri kai tsaye
guzuri: abincin da matafiyi ke ɗauka
dattijuwa: mace mai yawan shekaru da ake girmamawa
ƙololuwa: wuri mafi tsayi a kan dutse
taswira: zanen da ke nuna hanyoyi da wurare

Tambayoyi

1. Jihohi nawa hanyar ta ratsa, kuma a ina bakinta na arewa yake?
2. Kawo dalilai uku da suka sa farawa daga arewa ya fi wuya.
3. Me ya sami Emma Gatewood a shekarar 1954?
4. Waɗanne kaya ta ɗauka a tafiyarta ta biyu?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya.

Nahawu: Jinsi

Lura da yadda wakilin suna ke sauyawa: "Dattijuwa ta hau dutse", amma "Dattijo ya hau dutse." Mayar da waɗannan jimloli zuwa jinsin namiji:

1. Manomiya ta ɓace hanya.
2. Ta ɗinka jakarta da hannunta.
3. Ita kaɗai ta shiga daji.

Aikin Gida

Tambayi wata dattijuwa a gidanku ko unguwarku labarin tafiya mafi nisa da ta taɓa yi a ƙasa. Rubuta shi cikin jimloli goma, ka yi amfani da kalmomin arewa, kudu, gabas da yamma.