Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan da Ke Fita Daga Al'aurar Namiji

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, ya ce yana ganin farin ruwa na fita daga gabansa, ga zafi in zai yi fitsari. Yana tambaya, me ke jawo haka, kuma mene ne maganinsa?

To Malam, galibi ciwon sanyi ne, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ƙwayoyin cuta biyu ne kan gaba. Gonoriya takan bayyana cikin kwana 2 zuwa 7, da mugunya mai kauri, rawaya ko kore-kore. Kilamidiya kuwa takan kai mako 1 zuwa 3, ruwanta tsararo ne, wani lokacin ma sai da asuba ake ganinsa. Sau da yawa tare suke zuwa, shi ya sa likita kan haɗa allurar ceftriaxone guda ɗaya da ƙwayar doxycycline ta kwana 7.

Kada ka je kemis ka ce a haɗa maka. Gonoriya ta daina jin magunguna da dama, har da ciprofloxacin, kuma jiƙo ba ya kashe ta. Ruwan na iya tsayawa alhali cutar na nan, daga baya ta toshe hanyar fitsari ko ta hana haihuwa.

Inda maza kan yi nauyin baki shi ne batun iyali. Mace na iya ɗauke da cutar ba tare da wata alama ba, don haka dole a yi wa matarka magani, in mata biyu ne duka biyun. Mai juna biyu ta sanar da likita, domin cutar na iya makantar da jariri. Ku ƙaurace wa juna har kwana 7 bayan fara magani, kuma a gwada ku HIV da tunjere.