Yadda ake zaɓen kyauro a haɗa kibiya mai bin saiti

Baƙo idan aka miƙa masa kibiya, ƙarfen yake dubawa: tsininsa, kunnuwansa, hannun maƙerin da ya ƙera shi. Tsofaffin maharban ƙasar Kurfai kuwa, daga Filinge har Sanam, karan suke fara kamawa su ɗan tanƙwara shi tsakanin yatsu. A wurinsu can ne maganar take, domin karan da bai dace da bakansa ba, ko wane irin ƙarfe aka sa masa, gefen zabo zai faɗi.

Karan dai kyauro ne, ciyawar bakin ruwa mai gaɓoɓi da totuwa a ciki. Ƙasarmu ba ta dausayi ba ce, don haka sai an bi fadamu an nemo shi, ko a saya hannun masu tasowa daga kudu. Ana yanka shi bayan kaka, a ɗaure dami-dami a rataye a inuwa har hunturu ya gama shanye shi. Wanda aka shanya a rana tsagewa yake yi. Miƙar da shi ba wani abu ba ne: a gifta shi bisa garwashi, a danna wurin da ya karkace da tafin hannu, a kai shi bakin ido a duba, a sake. Yaro mai haƙuri zai iya wannan cikin yini guda.

Sai yanka. Tsawon kamu guda da ƴan yatsu, amma a bar rara ta wajen kai, za a ga amfaninta nan gaba. Gurbin tsirkiya ana tsaga shi ne dab da bayan gaɓa, a naɗe da jijiya, don kada tsirkiya ta raba karan biyu. Ƙarfen kuma a soka wutsiyarsa cikin totuwa a ɗaure da zare kawai. Ba a sa ƙaro tukuna.

Kafin a kai ga gwaji, sai an san abin da ke samun kibiya a lokacin da aka sake ta. Tsirkiya tana ingizo ta daga baya da ƙarfi, ƙarfe mai nauyi a gaba bai riga ya motsa ba, sai karan ya lanƙwashe a tsakiya, ya dawo, ya sake lanƙwashewa ta ɗaya ɓangaren. Haka take fita, tana karairaya kamar maciji ya tsallaka turba. Ido ba ya kama wannan, sai da aka ɗauki hoton harbi da kyamara mai sauri a Amurka cikin shekarun 1930 aka gan shi ƙarara. Wannan lanƙwasa ce ke sa kibiya ta kewaye jikin baka ba tare da ta buge shi ba. Idan karan ya cika tsauri, ba ya lanƙwasa yadda ya kamata, sai ya goga jikin baka ya fice ta ɓangaren da aka ɗana shi. Idan ya cika laushi, sai ya wuce gona da iri ya tafi ɗaya ɓangaren, yana kaɗa wutsiya, ƙarfin da ya kamata ya kai shi nesa yana zubewa a hanya. Wani lokaci ma a kan baka yake karyewa, kuma hannun da ke riƙe da bakan ne ke shan tsagin.

Kawuna, wanda na ga wannan aiki a hannunsa, ba ya gaggawa a nan. Yakan kafa kan karan a ƙasa, ya tallafe gindin da tafin hannun hagu, ya danna tsakiya da yatsu biyu, sannan ya riƙa mirgina shi a hankali. Kyauro bai da ƙarfi ɗaya a kowane gefe. Yana mirginawa sai ka ga karan ya yi ɗan tsalle ya zauna a wani gefe, nan ne lausasan gefensa, kuma yakan ɗiga masa baƙin tukunya a wurin. Duk kibiyoyin kwari guda, ta fuska ɗaya yake tsaga gurbinsu bisa wannan alama, shi ya sa ma wani lokaci yakan jinkirta tsagar har sai ya gama wannan gwaji. Idan ba a yi haka ba, kara biyu masu kauri ɗaya, daga gindi ɗaya, kowanne zai kama gabansa. Daga dami mai yawa yakan fitar da kaɗan, sauran ya tura wa yara su yi wasa. In ka ɗauko mafi kauri kana murna, sai ya ce: “Ɗana, wanga na bakan wani ƙato ne, ba naka ba.”

Samari kullum mai tsauri suke so, gani suke shi ne na maza. Alhali kara mai kauri nauyi gare shi, baka mara ƙarfi ba zai iya jefa shi nesa ba, tun kafin ya isa ya sunkuya ƙasa. Irin wannan ɗoki har a wasan golf akwai shi, wanda ake bugawa a Kano da Kaduna da filin Rio Bravo na wajen Yamai. Sandunansu an yi musu haruffa, L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tsauri, kuma mai bugun da hannunsa bai da sauri idan ya ɗauki X don a ce ya isa, ƙwallonsa ƙasa-ƙasa take tafiya, ta gaza kaiwa, ta zame dama in shi badame ne. Kamfanonin kibiya na Turai da Amurka ma awo suke yi: a ɗora kara bisa madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, in ya lotsa rabin inci a rubuta masa 500. Kawu yatsu biyu ne ma'auninsa, kuma ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

Sai a fita bayan gari da buhun ƙaiƙayi. A tsaya taku goma sha biyar ko ashirin, a harba, a je a duba yadda kibiyar ta tsaya a jikin buhun, ba inda ta faɗa kaɗai ba. Wutsiyarta ce ke ba da labari: in ta tsaya sak tana kallon maharbi, an dace, in ta karkace, akwai gyara. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi da zai rufa mata asiri, nauyin ƙarfen gaba ne kawai ke jan ta, don haka ƙaramin kuskure a kara ba ya ɓuya. Masu gasar harbi na zamani sai sun cire gashin da gangan kafin su gane abin da maharbinmu ke gani a kowane harbi.

Idan karan ya yi laushi, nan rarar nan ke amfani. A zare ƙarfen, a rage faɗin yatsa guda daga kai, a mayar, a sake harbawa. Yatsa guda, ba biyu ba, domin tsauri yana ƙaruwa fiye da yadda ido ke zato: rage kashi 10 cikin 100 na tsawo yana rage lotsawar da sama da kashi 25. Abin da aka yanke kuwa ba ya dawowa. Idan tsauri ya yi yawa, a koma wurin maƙeri a karɓo ƙarfen da ya fi nauyi, ko a ɗan kankare tsakiyar karan da wuƙa, ko kuma a ajiye shi don wani bakan. Shi ya sa maharbi na gaske ba ya karɓar aron kibiya.

Da irin waɗannan kara marasa gashi, masu dafi a baki, mutanen Sarauniya Mangu suka tari sojojin Turawan mulkin mallaka Voulet da Chanoine a Lugu, cikin ƙasar Arewa maƙwabciyarmu, a watan Afrilun 1899. Yau bindiga ta karɓe filin, namun daji sun ja baya, dokar farauta ta 1998 ta ɗaure sauran, ga kuma halin tsaro da ya hana mutane nisa cikin daji. Masu haɗa kibiya sun ragu, galibi makiyaya ne da masu tsaron gona da tsofaffin da hannunsu ya ƙi mantawa.

Bayan kibiya ta tsaya sak sau da yawa a jere, sannan ake narka ƙaro a cika bakin karan, a soka ƙarfen, a naɗe da jiƙaƙƙiyar jijiya wadda za ta matse idan ta bushe. A shafa ɗan mai a jikin karan, a sa a kwari kai ƙasa. Bayan damina sai an sake fita da buhun, domin laima tana sassauta kyauro, tana sassauta tsirkiyar fata ma, kuma a cikin kwari guda ba a rasa biyu ko uku da za a sake rage wa yatsa.