Hukuncin Filastar Kashe Zafin Ciwo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, wani ɗalibina mutumin Rabah ya zo mini da tambaya. Mahaifinsa ya daɗe yana fama da ciwon daji, har likita a Sakkwato ya rubuta masa wata filasta wadda ake mannawa a jiki don kashe zafin ciwo. Tsohon ya ƙi, yana tsoron kada ya yi salla da abin maye a jikinsa.

To, ya 'yan'uwa, neman magani ba ya kore tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, shi kansa ya wallafa littattafai a kan ilmin magani.

Abin da ke cikin filastar nan galibi fentanil ne, dangin afiyun, watau ofiyom, kuma ya fi morfin ƙarfi kusan sau 100. Yana ratsa fata a hankali ya shiga jini har tsawon awa 72, sa'an nan a canza wata.

Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe tsakanin abin sa maye irin giya da abin da ke dushe hankali. Giya najasa ce, kaɗan da mai yawa duk haram. Shi kuwa irin afiyun, a wurin malaman mazhabarmu ba najasa ba ne, kuma gwargwadon da ba ya gusar da hankali ya halatta don magani. Saboda haka sallar mai filasta ta inganta. Haka nan azuminsa, domin majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta tabbatar cewa maganin da ke shiga jiki ta fata ba ya karya azumi. Alwala kuwa ba matsala, don a ƙirji ko baya ko dantse ake manna ta. In wankan janaba ya kama, a shafa a kanta kamar jabira, muddin cire ta zai cutar.

Amma fa halaccin yana da sharaɗi, shi ne likita ya fara ta, ya kuma sa ido. Ba a fara fentanil ga wanda jikinsa bai saba da irinsa ba, don yana iya tsayar da numfashi. Ba ta kama aiki sai bayan awa 12 zuwa 24, kada gaggawa ta sa a ƙara ta biyu, kuma ba a yanka ta. Zafi yana sa maganin ya kwarara da yawa, saboda haka a kiyaye zazzaɓi, da ruwan zafi, da ranar bazara irin ta fadamar Goronyo. In barci ya yi nauyi, numfashi ya ragu, a ɓamɓare ta a garzaya asibiti. Tsohuwar filasta a ninke ta, a kawar da ita daga inda yara suke.

Wanda ya ba maƙwabci tasa don tausayi, ko ya sayar, ya ci amana, in rai ya salwanta yana da alhaki. Tsohon nan dai ya yarda, yanzu yana samun barci, yana sallarsa cikin natsuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.