Warin Magudanar Banɗaki Lokacin Zafi: Shawarwari Tara ga Magidanta a Narayi

Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kaduna kan haura digiri 35 da rana, gidaje da yawa a Narayi da Barnawa da Sabon Tasha kan yi fama da warin banɗaki. A wanke tayil, a zuba Izal, a kunna turaren wuta, kafin la'asar warin ya dawo. Dalili kuwa shi ne, ba a daɓen yake ba, daga cikin bututu yake tasowa. Ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da ƙazanta a ramin sokawe suna ƙara kuzari idan zafi ya tsananta, sai su riƙa fitar da iskar haidurojin salfaid mai warin baragurbin ƙwai. Maganin abin biyu ne: a tare wa iskar nan hanyar shigowa ɗaki, a buɗe mata hanyar fita sama.

1. A fara gano kafar da warin ke bi. Banɗaki ɗaya kan ƙunshi kafa uku ko huɗu: magudanar ƙasa, wurin wanke hannu, masai, wani lokaci da baho. A cika leda da ruwa rabi, a ƙulle bakinta, a ɗora kan magudanar ƙasa ta kwana. Idan gari ya waye babu wari, an kama mai laifi. Idan yana nan, a toshe kafa ta gaba. Hanci ma shaida ne: warin baragurbi daga rami yake, tsami-tsami na dattin cikin bututu ne, zarni kuwa na fitsarin da ya shige tsakanin tayil ne, wanda buroshi da sabulu suka ishe shi.

2. Kada a bar ruwan gwiwar bututu ya ƙafe. A ƙarƙashin kowace magudana da aka yi bisa ƙa'ida akwai lanƙwasa, wadda masu aikin famfo ke kira tiraf. Ruwa mai zurfin kamar santimita 5 yana kwance a cikinta koyaushe, kuma shi ne ƙofar da ke hana iskar rami da kyankyasai haurowa. Zafin bazara da bushewar hunturu suna shanye wannan ruwa, musamman a banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba. A zuba buta ɗaya ko biyu a kowace kafa sau biyu a mako, ko da ba wanda ya yi wanka a wurin.

3. A tabbatar akwai gwiwar tun asali. A cire murfin magudanar ƙasa, a haska tocila. Idan an ga ruwa a kwance, lafiya. Idan aka ga bututu ya miƙe fayau cikin duhu, kuma ana jin ɗumin iska a tafin hannu, to magini ya tsallake wannan aiki. Hakan na faruwa a gidajen haya da aka gina cikin gaggawa, inda ake miƙa bututu kai tsaye zuwa sokawe ko kwata. Irin wannan magudana, ko an juye mata jarka guda ta magani ba za ta daina wari ba. A kira mai aikin famfo ya fasa tayil ɗaya ko biyu ya sa magudana mai tiraf. Kafin nan, a riƙa rufe bakin da ledar ruwa ko faifan roba bayan kowane wanka.

4. Idan za a yi tafiya, a shirya banɗaki kamar yadda ake shirya ƙofa. Masu zuwa gida hutun Kirsimeti suna barin Narayi ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ruwa ke saurin ƙafewa. Masu tafiyar Sallah ma kan yi makonni. Kafin a kulle, a cika kowace gwiwa da ruwa, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa a kai. Man zai yi shimfiɗa a saman ruwan ya rage ƙafewa. A rufe murfin masai, a toshe wurin wanke hannu.

5. A goge cikin bututu, ba bakinsa kaɗai ba. Gashi da kumfar sabulu da man shafawa suna haɗuwa su zama baƙar yauƙi a jikin bututu, kuma a nan ƙwayoyin cuta da ƙananan ƙudajen magudana ke hayayyafa. Sau ɗaya a mako a cire murfi, a lanƙwasa bakin waya a zaƙulo gashin, a cuɗa ciki da tsohon buroshi da garin sabulun wanki, sannan a bi da bokitin ruwan zafi. Kada ruwan ya zama tafasasshe, don yana sassauta mahaɗar bututun roba, yana kuma iya tsaga masai na tangaran. Ruwan wanke-wanke mai manja da guntun tuwo kuwa ba wurinsa ba ne banɗaki.

6. A duba bututun numfashi. Ramin da ba shi da hanyar fitar da iska ta sama zai neme ta ta cikin gida. Alamar toshewar bututun ita ce a kora masai a ji magudanar ƙasa tana ƙugi. Ruwan gwiwarta ake zuƙewa. Bututun ya kamata ya haura rufin kwano da kamar rabin mita, nesa da taga, da raga a bakinsa. Gidan zanzaro da yanar gizo da sheƙar tsuntsu kan toshe shi, don haka a duba shi kafin zafi ya kama. Masu salga ma wannan ce dabararsu. A shekarun 1970, Peter Morgan na cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe ya fito da salga mai dogon bututu: iskar da ke wucewa ta bakinsa tana jan wari sama, ƙudan da ya bi haske ya hau kuma raga ta tare shi.

7. A toshe tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zagaya murfin sokawe da ƙananan akwatunan mahaɗar bututu da ke tsakar gida, duk inda siminti ya dare a liƙe shi. A cikin banɗaki, a girgiza masai a hankali. Idan yana motsi, ko ana ganin danshi a gindinsa, mahaɗarsa ta saki, kuma ta nan iska ke fita ko da gwiwa cike take da ruwa.

8. A yi hattara da magunguna. Kada a taɓa haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da ruwan wanke masai mai asid irin su Harpic. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, abin da ya fi muni a ƙaramin banɗaki mara taga. Yawan tuttula magani kullum yana kashe bakteriyar da ke narkar da ƙazanta a rami, sai ya yi saurin cika. Kananzir da baƙin mai kan toshe ƙasar da ke tsotse ruwa, su kuma gurɓata rijiya. Ƙwallayen kafur da ake ajiyewa a bakin magudana rufe wari kawai suke yi. Yaro na iya haɗiye su, kuma sinadarin naftalin da ke cikinsu yana fasa ƙwayoyin jini ga wasu jarirai har ya jawo musu ciwon shawara.

9. A kwashe rami kafin damina ta kankama. A watan Agusta ƙasa kan ƙoshi da ruwa, sokawe ya daina tsotsa, ƙazanta ta fara komowa. A zura doguwar sanda tun a Afrilu. Idan laka ta doshi rabin zurfin ramin, a kira motar kwasa. Kada kowa ya shiga ciki, kada a leƙa da ashana ko sigari: iskar mitan tana kamawa da wuta, haidurojin salfaid kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari kafin ta sumar da mutum. Mai haƙa sabon rami ya nisanta shi da rijiya ko burtsatse, mita 30 idan fili ya ba da dama, domin ta wannan hanya kwalara da taifot ke shiga ruwan sha.

A gidan haya mai banɗakin tarayya, a raba aikin tun kafin a kai ga cacar baki. Zuba ruwa da goge magudana na 'yan haya ne, a yi shi bi da bi. Sa tiraf, gyaran bututun numfashi da kwashe rami kuwa a tattauna su da mai gida, a rubuta wanda zai biya. Idan maƙwabci ne ke sako ruwan banɗakinsa kan layi, a fara yi masa magana cikin mutunci, sannan mai unguwa, sannan ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumar Chikun. In kuwa an bi duk matakan nan wari bai tafi ba, a nemi inda ƙasa ko gindin bango ke jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Bututu ne ya fashe a wurin, kuma gyaransa da rani ya fi sauƙi da araha.