Hukuncin Dashen Gashi da Shan Maganin Sanƙo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, tambaya ta yawaita game da mutumin da gashin kansa ya zube: shin ya halatta ya nemi magani, ko a yi masa aikin dashe, ko kuwa yin haka canza halittar Allah ne, wanda aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i ta nuna cewa aikin Shaiɗan ne? Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka za mu fara da abin da likitoci suka tabbatar.

Sanƙon maza gado ne. A jikin namiji akwai wani sinadari mai suna DHT, wanda ke samuwa daga sinadarin mazakuta. Shi ne ke ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da na tsakar kai, gashin ya riƙa sirancewa har ya daina tsirowa. Amma saiwar gashin ƙeya da na gefen kunnuwa ba ta cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa kuke ganin tsoho da kai fayau, ƙeyarsa kuwa cike da gashi. A kan wannan aka gina aikin dashe. Wani likitan Japan mai suna Okuda ya yi bayaninsa tun 1939, sannan a 1959 likita Orentreich na birnin Niyok ya nuna cewa saiwar da aka ɗauko daga ƙeya tana riƙe halinta ko ina aka kai ta. Ana kashe zafin wurin da allura, a ciro saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, ko a yanko siririyar fata a rarraba ta, sannan a dasa su inda gashi ya ƙare, kamar yadda manomin albasa a Galmi ke cire iri ya kai shi fage. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, ya soma tsirowa bayan wata 3 ko 4, ba a ganin cikar aikin sai wajen shekara guda.

Ku lura da kyau, gashin mutum ne da kansa aka ɗauke daga wani wuri aka mayar wani wuri, yana da rai, yana tsiro, ana aske shi. A nan ne ya rabu da abin da shari'a ta hana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u ƴar Abubakar (R.A.) cewa wata mata ta zo wa Annabi (S.A.W.) ta ce ƴarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko za ta haɗa mata da wani. Bai yarda ba, ya kuma ambaci la'ana a kan mai haɗawa da wadda ake haɗa wa. Ga lalura a fili, ga biki ya matso, duk da haka bai sassauta ba, domin gashin wani ne za a jona, a nuna wa miji abin da babu shi. Dashe kuwa ba jone ba ne, mayar da abin da ya gushe ne.

Dalilinmu a kan halaccin mayar da abin da ya gushe shi ne ƙissar mutum uku daga Bani Isra'ila, mai albaras da mai ƙora da makaho, wadda Abu Huraira (R.A.) ya ruwaito. Mala'ika ya tambayi mai ƙorar abin da ya fi so, ya zaɓi kyakkyawan gashi, aka shafe shi ya samu. An zarge shi daga baya saboda butulci da rowa, amma ba a zarge shi da son gashi ba. Shaihu Ibnu Usaimin, wanda ya rasu a 2001, da wannan hadisi ya kafa hujja. Wani zai ce ƙora cuta ce, sanƙo kuwa ba cuta ba ne. Maganarsa tana da fuska, sai dai illar hukuncin ita ce rashin abin da Allah ya halicci mutum da shi tun asali, kuma wannan yana nan a duka biyun. Haka Arfaja ɗan As'ad (R.A.), da aka yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi, a zamanta na 18 a Maleziya cikin 2007, ta lissafa dashen gashi bayan zubewarsa cikin ayyukan gyara da suka halatta. Amma dasa zaren roba a fatar kai, wannan ya fi kusa da jone, ga shi yana jawo ƙuraje da ruɓa, har Amurka ta hana shi tun 1983.

Halal ne, ba tilas ba. Littattafan tarihi sun siffanta Sayyadina Umar da Sayyadina Ali (R.A.) da sanƙo, ba wanda ya ɗauki wannan aibi a gare su. Mu kuma mutanen hula ne da rawani. Wanda zai ci bashi, ko ya sayar da gona, ko ya tauye cefanen gida don ya tafi Istambul a yi masa dashe, ya gabatar da mubahi a kan wajibi, kuma ba mu ga wanda zai ba shi fatawa a kan haka ba. Ya kuma sani irin da ke ƙeya ƙididdigagge ne. In maras gwaninta ya ɓarnatar da shi, ba ya dawowa.

Magungunan da aka tabbatar da amfaninsu ga sanƙo, mafi shahara biyu ne. Na farko minoxidil, asalinsa maganin hawan jini ne, aka ga yana tsirar da gashi, aka yarda da shi na shafawa a 1988. Ruwansa yawanci yana ɗauke da alkol. Malamai da yawa na wannan zamani sun sauƙaƙa shafa irinsa don magani, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya shafa bayan isha'i, ya wanke kafin asuba. Na biyu finasteride, ƙwaya ce ta miligiram 1, an yarda da ita ga sanƙo a 1997, aikinta rage sinadarin nan na DHT. Dukansu biyu, ranar da aka bari, gashin da suka riƙe zai zube cikin watanni.

A kan ƙwayar nan muke so ku tsaya. Ga wasu maza ƙalilan tana rage sha'awa da ƙarfin kusantar iyali, kuma a 2025 hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar da cewa tana iya jawo wa wasu tunanin kashe kai. Mace tana da haƙƙi a kan mijinta kamar yadda yake da shi a kanta, ba daidai ba ne ya sayi gashi da haƙƙinta ba tare da saninta ba. Wanda ya ga alamar wannan rauni ko baƙin ciki marar dalili, ya dakata ya koma ga likita. Mace mai ciki kuwa kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe, domin tana iya cutar da halittar ɗan tayi namiji. Saboda haka ba maganin da za a saya a tiren mai yawo a kasuwa ba ne. Sai da takardar likita, daga farmasi. Likitan ne ma zai bambance sanƙo da makero ko wata cutar fata, waɗanda maganinsu daban ne.

Saura ibada. A mazhabar Malikiyya shafar kai duka farilla ce a alwala, tsettsefe gashi da cuɗawa kuma farilla ne a wanka. Bayan wurin ya warke, gashin dashe hukuncinsa hukuncin sauran gashi, babu wani bambanci. A kwanakin farko, da likita ke hana cuɗa wurin, sai a yi shafa a kan ɗaurin raunin, wato jabira. In ruwa ko shafar zai cutar, hukuncin mai rauni ya hau kansa har zuwa taimama. Wanda ya yi niyyar Hajji ko Umra kuwa, ya jinkirta aikin har ya dawo, ko ya yi shi watanni kafin tafiya, domin mai harama ba ya rufe kai, ga ranar Makka a kan ɗanyen rauni, ga kuma aski yana jiransa.

Wallahu a'alam.